Gaisuwar da Ta Sauko da Ƙanena

Ni na fara son jirgin sama a gidanmu, ba ƙanena ba. Wannan nake so in fara ajiyewa kafin komai, don yanzu in ka shiga unguwarmu ka tambaya, ce maka za a yi tun yana goye yake nuna sama da yatsa. Ƙarya ce wallahi. Tsoron ƙarar jirgi ma yake yi. In ƙananan jiragen 'yan koyon tuƙi suka biyo ta kan birni, bayan Inna yake ɓuya yana riƙe mata zane. Ni ne mai hawa katangar bayan gida, ni ne mai takawa har gindin dutsen Kufena ranar Alhamis da babu karatu, in hau dutse in zauna ina kallon yadda suke kewayawa suna komawa. Shekara biyar na ba shi, kuma a kan kafaɗata ya fara yarda ya ɗaga kai ya kalli jirgi.

Mahaifinmu malamin zaure ne, magidanta ke zuwa ɗaukar karatun manyan littattafai a wurinsa bayan asuba da bayan la'asar. Mu ma Malam muke ce masa. Ba ya duka, ba ya ɗaga murya. Doka ɗaya ce tak ba ya wasa da ita: in babba yana magana, ka sunkuyar da kai, ka bar shi ya kai aya. Ko kunama ce ta hau ƙafarka, ka daure har ya gama. Malam ya kafa dokar, amma ni ne ɗan sandanta. Duk ranar da ƙanena ya sa baki ina magana, sai ya sha ranƙwashi a tsakiyar ka, irin wanda ake ji har haƙori. Kafin ya shekara goma ya zama abin misali a unguwa, iyaye na ce wa 'ya'yansu su je su ga yadda ɗan Malam ke sauraron manya. Ba wanda ya taɓa cewa a je a ga yayansa da ya koya masa.

Da na gama sakandare na nemi makarantar koyon tuƙin jirgi, ban gaya wa kowa ba sai Inna. Jarabawar rubutu na cinye ta tas. Sai aka zo gwajin lafiya. Likita ya buɗe wani ɗan littafi, kowane shafi cike da ɗigo-ɗigo masu launi, ya ce in faɗi lambar da na gani a ciki. Lamba kuma? Ni dai abin da na gani kamar an zuba gero da dawa a faifai ɗaya. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, sannan ya rufe ya ce, “Samari, ba ka bambance ja da kore. Ba wanda ya taɓa gaya maka?” To wa zai gaya mini? Na fito na tako da ƙafa tun daga can har Ƙofar Doka, na ƙi hawa mota don kada wani ya ga ina share ido.

Bayan shekara biyar ƙanena ya ce shi ma zai gwada. Littattafaina ya ɗauka, da rubutun hannuna a gefen kowane shafi. Ranar da ya dawo daga gwajin lafiya na tare shi a zaure na ce, “Littafin ɗigo-ɗigon nan fa?” Ya ce, “Ai wannan ba komai ba ne, Yaya, lambobin a fili suke.” Na san bai faɗa da wata manufa ba, bai ma iya baƙar magana ba. Duk da haka kwana uku ban amsa gaisuwarsa ba.

Ni kuwa sakatariya na ƙare, a ɗakin fayiloli. Ba na raina aikina, da shi na yi aure, da shi nake ci da iyali. Har suna na yi a kan abu ɗaya. Duk wanda aka ba takardar tuhuma a ofis, daga masinja har mataimakin darakta, teburina yake kawo ta in rubuta masa amsa. Ina da abin da nake gaya wa kowannensu: ka ba ofis dalili ya riƙe, in ba ka ba shi ba, kai zai riƙe. Mutane da yawa sun tsira da aikinsu a kan wannan maganar tawa. Amma wa ya san da haka a cikin birni? A wurin ɗaurin aure sai ka ji dattijo ya kama hannuna yana murmushi, in ɗauka ni zai tambaya, sai ya ce, “Yayan matuƙi! Ina mutumin namu, yana sama?” Da sunana na yanka, da furfura ta fara fito mini a gemu, wai yayan matuƙi.

In ya zo gida kuwa, sai ka ce an yi saukar karatu. Inna sai ta sa shi ya saka farar rigar aikin nan mai igiya uku a kafaɗa ya zaga gidajen ƙawayenta gaisuwa, tun daga unguwarmu har Tukur-Tukur. Ni ke kai ta asibiti, ni ke bin layin karɓar magani, ni ke kiran mai gyaran soro duk damina. Shi kuma sai ya sauka da kwalin dabino da kwalbar turare, a kwana bakwai ana ba da labari. Ban taɓa cin dabinon nan ya yi mini daɗi ba, kuma ban taɓa ƙin ci ba, kada a ce wani abu. Ƙyashi nake yi, ba sai an saka masa wani suna ba. Abin da ya fi ci mini rai, yaron nan bai taɓa ɗaga mini kai ba. Da yana da girman kai da na samu abin kamawa. Amma ina! Zai shigo ya durƙusa ya gaishe ni, in zan fita zaure ya riga ni bakin ƙofa ya juya mini takalmi, kamar yadda yake yi tun yana ƙarami.

Ciwon ajalin Malam a hannuna ya yi shi. Wata huɗu ina juya shi, ina yi masa alwala, ina karanta masa abin da idonsa ya daina gani. Ranar da zai cika, da hantsi, ya buɗe ido ya dube ni. Na matso da kunnena, zuciyata na cewa yau dai zan ji tawa. Sai ya ce, “Ƙanenka ya sauka lafiya?” Na ce ya sauka, Malam. Ya lumshe ido, kuma ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Allah ya jiƙansa, ya kuma yafe mini abin da na ji a raina a wannan lokacin.

Da shekara ta zagayo, sunan ƙanena ya fito a jerin waɗanda za a horar su zama kyaftin. A jirgi matuƙa biyu ne, babba a kujerar hagu da igiya huɗu, mataimaki a ta dama da uku. Igiya ta huɗun nan ita ce komai a wurinsu, shekara da shekaru ake bin ta, kuma in layi ya wuce ka ba lallai ya sake biyowa ta kanka ba. Inna ba ta jira komai ba ta aika aka sayo rago aka ɗaure a gindin darbejiya, wai na walima. Kullum da safe in zan fita aiki sai ragon nan ya bi ni da kallo yana tuƙa. Dusar da yake ci ma ni ake aika in sayo.

Wata Talata bayan la'asar ina zaune a zaure, sai ga Keke Napep ta tsaya a ƙofar gida. Ƙanena ya fito da 'yar jaka, cikin doguwar riga, babu farar rigar aiki, babu dabino. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi tashi.

“Lafiya dai?” na ce.

“Yaya, an dakatar da ni.”

Na ce ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla, ba da Turancinsu na sama ba. Ya ce a sama ma kowa da hawansa, kamar bene. Mai ba da hanya daga ƙasa shi ke raba wa jirage ta rediyo, ya ce kai tsaya a ƙafa dubu takwas, wancan a dubu bakwai, kada wani ya taka hawan wani. Akwai ɗan maɓalli a gabansu da ake murzawa a saita lambar, jirgi ya sauko da kansa ya tsaya a inda aka saita. Wanda ke tuƙi shi ke murzawa, na gefensa kuma dole ya ɗora yatsa a kan lambar ya faɗe ta da baki, don a tabbatar ita aka ba su. Sannan da zarar an sauko ƙasa da ƙafa dubu goma, hira ta ƙare, ko gaisuwa ba a yi sai maganar aiki. Duk na san wannan, a littattafaina ya karanta, amma na bar shi ya faɗa.

A ranar, in ji shi, an haɗa shi da wani kyaftin dattijo da bai daɗe da zuwa kamfaninsu ba, saura masa 'yan watanni ya yi ritaya. Tun daga Legas da Turanci suke magana. Sai da suka fara gangarowa Abuja, gajimare ya ɗan girgiza su, biron ƙanena ya faɗi, ya yi wata 'yar magana da Hausa. Dattijon ya juyo ya ce, “Kai, wannan bakin ai na Zazzau ne. Ɗan wace unguwa ne kai?” Ya faɗa masa. “Wane gida?” Ya faɗa masa. Dattijo ya ce, “Allahu akbar! Shekara shida na yi ina ɗaukar karatu a zauren nan kafin in san ƙofar jirgi. Ina Malam?”

Daidai nan rediyo ya yi magana, aka ce su sauko dubu takwas. Ƙanena ya maimaita wa mai ba da hanya daidai. Dattijo ya kai hannu kan maɓalli, idonsa na kan ƙanena yana jiran amsa.

“Malam ya rasu bara,” in ji ƙanena.

Dattijo ya yi salati, hannunsa na murza maɓalli, ya zarce takwas ya tsaya a shida. Sai ya ɗauko addu'a. Ƙanena kuwa ya yi abin da kowane ɗan gidanmu zai yi in ana yi masa ta'aziyya: ya sunkuyar da kai, ya ɗauke idonsa daga allon gabansa, yana amin, amin.

“Ina sane, Yaya,” ya ce da ni. “Wallahi ina sane ban duba lambar ba. A raina ina cewa bari ya kai aya. Malam yake yi wa addu'a, ya ɗauko tun daga kwanciyar kabari har tsayuwar gobe ƙiyama. Ta ina zan shiga?”

Ba su ankara ba sai na'urar gargaɗi ta hau ihu su tashi sama, mai ba da hanya shi ma yana ta kiransu. Sun wuce dubu takwas da ƙafa ɗari shida, ga wani jirgi a dubu bakwai yana ratsowa ta ƙarƙashinsu. Dattijo ya ja suka hau. Ƙanena ya ce ya ga jirgin ta taga, har launin jelarsa ya gani, kore shar. A raina na ce ba shakka, kai ai kana ganin launi. Ba wanda ya ji ciwo, fasinja ma ba su san an yi ba. Amma a aikinsu ba a barin irin wannan ya wuce, dole kowa ya rubuta abin da ya faru.

Na ce alhamdu lillahi da Allah ya tsare rayuka, kuma har zuciyata na faɗa. Amma tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya, bari in ƙarasa. A ƙarƙashin wannan hamdalar akwai wani sanyi da ya ratsa ni tun daga wuya har ciki. Daɗi na ji. Shekara ashirin ina ɗaga kai in kalle shi, yau ga shi a tabarma a gabana, idonsa ja.

Ya ce kwana biyu aka ba shi ya kai bayaninsa a rubuce. Rikodar da ke ɗaukar muryarsu a jirgi ta riga ta shafe, don sabo take naɗa a kan tsoho, kuma jirgin ya sake tashi kafin a neme ta. Dattijon ya rubuta nasa: shi ya saita lamba ba daidai ba, mataimaki kuma bai duba ba. Bai ambaci ta'aziyya ba, ƙila kunya ta hana shi. Saura na ƙanena.

“So nake in rubuta komai yadda ya faru,” ya ce. “A aikinmu in ka faɗi dalili, gyara ake yi. Za su tura mu horo mu biyu, ƙila a ɗan jinkirta mini, shi ke nan. Amma maganar ta taɓa sunan Malam, kuma kai ne babba yanzu. Ba zan rubuta ba sai da yardarka. Sannan kai ka iya irin wannan takarda, Yaya.”

Ka ji fa. Karo na farko a rayuwa da abin da na iya ya zama shi ake nema a gidanmu. Kuma na san amsar tun kafin ya rufe baki. Gaskiyar ita ce mafitarsa. Duk mai hankalin da ya karanta zai ga yaro mai ladabi da babbansa ya ja shi hira a inda aka hana, zai ga abin da za a gyara. Wanda kuwa ya ce hankalinsa ya ɗauke haka kawai ba dalili, wa zai damƙa masa kujerar hagu da rayukan mutane? Wannan ko masinjan ofishinmu ya ji ni ina faɗa.

Sai na gyara zama, na gyara murya irin ta Malam. Na ce, “Yanzu kai saboda Allah, za ka ɗauki biro ka rubuta wa mutanen da ba su san darajar zauren nan ba cewa addu'ar mahaifinka ce ta kusa hallaka jirgi biyu? A ajiye a fayil, kowa ya zo ya karanta? Dattijon nan ɗalibin Malam ne, saura masa wata nawa ya ajiye aiki da mutuncinsa, kai ne za ka tona masa asiri don ya yi wa ubanka addu'a? In labari ya zo birni, da wane ido za mu kalli mutane a masallaci?” Na yi ta zuba, na kawo tarbiyya, na kawo haƙƙin na gaba, na kawo abin da Malam zai ce da yana raye. Bakina har daɗi yake yi mini. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma na san abin da nake yi.

Sau ɗaya ya ɗago ya ce, “Yaya, amma...”

Na dube shi. Kallo kawai, irin wanda ke zuwa kafin ranƙwashi. Ya mayar da kansa ƙasa.

Na shiga ciki na ɗauko takarda, na ɗora a kan akwatin littattafan Malam na rubuta da Turancin ofis mai tsabta. Layi huɗu ne. Ma'anarsu ita ce hankalina ya ɗauke na ɗan lokaci, ban duba lambar da aka saita ba, ba ni da wani uzuri, ina neman afuwa. Na miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya karɓi biro ya sa hannu, ya ce Allah ya saka da alheri. Tuwon daren ranar har ƙari na nema, matata tana tambaya ko an yi mini ƙarin girma ne.

Bayan mako uku aka kira shi gaban kwamiti. Daga baya ya gaya wa Inna, ina jin su ta taga, cewa sau uku suna tambayarsa me ya ɗauke masa hankali. Wata mace a cikinsu har ta ce ya faɗa ko mene ne, ba kama shi za a yi ba, so suke su gane. Ya ce babu komai. Suka tura shi likita, suka tura shi horo, bayan wata biyu suka mayar da shi kujerarsa ta dama. Sunansa kuwa aka cire shi daga jerin, aka ce za a sake dubawa nan gaba. Ni na san wannan nan gaban, na sha buga ta a takardun mutane. Dattijon ya yi ritayarsa lafiya lau. Yaran da suka shiga aiki a bayan ƙanena suka ɗinka igiya ta huɗu ɗaya bayan ɗaya, wasu ma shi ke zama a damansu yana ce musu ranka ya daɗe.

Ragon ya ci gaba da cin dusa a gindin darbejiya har Babbar Salla, aka yi layya da shi. Inna dai ta daina sa shi zaga gidaje da rigar aiki. Ni kuma na zauna ina jiran in ji na ƙara tsawo, shiru. A wurin ɗaurin aure har yanzu yayan matuƙi nake, sai dai yanzu da tausayi ake faɗa, a ce, “Allah sarki, ɗan Malam, ƙaddara ce.” Wato ya faɗo ma ya fi ni samun addu'a. Kai, wannan abu da me ya yi kama!

Abin da ya fara hana ni sakat, Inna ce. Ranar nan na kawo mata magani, ta riƙe hannuna ta ce, “Ya gaya mini kai ka rubuta masa takardar. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya wa ɗan'uwanka, ka rufa wa sunan Malam asiri.” Shekara nawa ina jiran Inna ta riƙe hannuna ta sa mini albarka ni kaɗai, ba a haɗe da shi ba? Ga ta ta zo, na kasa cewa amin. Sai na ce mata ta sha ƙwaya biyu da safe, ɗaya da yamma. A ofis ma abin ya bi ni. Wata ma'aikaciya ta kawo takardar tuhuma a kan makara, na buɗe baki na fara, “Ki ba ofis dalili ya riƙe,” sai na mayar mata da takardarta. Na ce ta dawo gobe, kaina ke ciwo.

Shekara biyu na yi a haka kafin in iya. Ya zo hutu, muka dawo daga sallar la'asar, na ce ya zauna a zaure ina da magana. Ya zauna a inda ya zauna a wancan karon, ya sunkuyar da kai. Ni da ake kawo wa takarda in tsara magana, ranar na rasa bakin zare. Na fara daga Kufena, na bi ta kan likita da littafin ɗigo-ɗigo, na shiga jinyar Malam, na faɗi abin da ya tambaya a ƙarshe, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Na fi rabin awa ina kewaye-kewaye. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu a aljihu, ko motsi bai yi ba. Daga ƙarshe dai na cije na ce, “Takardar nan da na rubuta maka, na san za ta kayar da kai. Ba don Malam na yi ba, ba don dattijon ba. Baƙin ciki nake yi da kai.”

Sai da ya tabbata na kai aya sannan ya ɗago.

“Na sani, Yaya.”

“Ka sani? Tun yaushe?”

“Tun kana rubutawa. Na ga yadda biro ke gudu a hannunka.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce to a sake rubutawa, yau ɗin nan, ni zan rubuta gaskiya tun daga biron da ya faɗi, in ya so in bi shi har Legas in faɗa da bakina. Ya ce, “An rufe fayil. Kai ka fi ni sanin abin da hakan ke nufi.”

Sai haushi ya turnuƙe ni, wai ni ne ma da haushi. Na ɗaga murya a zauren da ba a taɓa ɗaga murya ba. “To don me ka sa hannu? Kai yaro ne? Ka san ramin da nake tura ka, ka san aikinka ne, ka san igiyarka ce, don me ba ka ce a'a ba? Don me ba ka tsayar da ni ba?”

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ba gori. Da ma gorin ya yi mini, da na samu sauƙi. Har a wannan ma sai da ya fi ni.

“Magana kake yi, Yaya,” ya ce.

Wani ƙaramin jirgin 'yan koyo ya biyo ta kan unguwa yana ƙara, ba wanda ya ɗaga kai a cikinmu. Na miƙe don in fita, ban ma san inda za ni ba. Kafin in kai bakin ƙofa ya riga ni, ya sunkuya ya juya mini takalmina. Na tsaya a kansu, na kasa sa ƙafa.